Ƙara Ɗaya a Hanyar Bagadaza

Ejan ɗin da ya yi mana hanya ya ce Dubai za mu, tuƙin motar siminti, ga ɗaki mai sanyi ga hutun Juma'a. Dubai kam mun gan ta, ta gilashin filin jirgi. Ko zama ba mu gyara ba aka sake zuba mu a wani jirgin, muka sauka Kuwait, wani mai rigar kamfani ya bi layi yana karɓe fasfo ɗinmu yana jefawa a jaka. Shekarar 2006 ce, da bazara.

Mu biyu ne 'yan ƙasar Katagum a cikin tarin Indiyawa da 'yan Nepal da 'yan Uganda: ni Iro, da Malam Hamidu mutumin Disina, wanda nake kira Baffa. Abokin mahaifina ne, a hannunsa na koyi tuƙin babbar mota a tashar Azare. Matarsa, Goggo Dije, ba ta ba ni saƙon zani ko turare ba. Abin da ta ce da ni kawai shi ne, "Kai ne mai jini a jika, ka dawo mini da shi." Na ce in Allah ya yarda, kamar yadda ake faɗa, ban ɗauke shi wani nauyi ba.

A Kuwait aka sauke mu a wani fili cikin rairayi, kwantena jere kamar rumfunan kasuwa, kowace da gadaje hawa-hawa. A nan muka ji gaskiyar aikin. Tirela za mu ja, mu kai ruwan sha da abinci da man fetur sansanonin sojan ƙasashen waje a cikin Iraƙi. Ni mutum ne mai saurin fushi, ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Na tsaya a gaban manajan na wanke shi tas da Hausa, na ƙara masa da ɗan Turancin tasha. Ya saurare ni har na gama, ya nuna mini ƙofa, ya ce hamada ga ta nan, duk mai son tafiya ba a riƙe shi ba. Baffa ya jawo ni ta gefen riga.

"Ka gama?" in ji shi. "To zo mu nemi alƙibla."

Kafin a ba mu motoci aka tara mu a wata rumfa don a karanta mana dokoki. Wani soja ya ɗora tsohuwar wayar hannu a kan tebur, an farke bayanta an jona mata wayoyi biyu da ƙaramin ƙwan fitila. Ya koma nesa ya kira ta da wata wayar. Ta yi ƙara sau ɗaya, ƙwan ya kama. Aka fassara mana cewa da haka ake tayar da bam ɗin da ake binnewa a gefen hanya, don haka duk direban da aka kama da waya ya kuka da kansa. Baffa ya sunkuyo kusa da kunnena ya ce, "Ashe su ma sun iya filashin."

Na danne dariya, amma hankalina ya tashi, domin na san abin da ke cikin jakarsa.

A shekarun nan kowa a gida ɗan filashin ne. Katin waya tsada, sai ka kira mutum wayarsa ta yi ƙara ɗaya ka katse, shi ya san abin da kake nufi. Baffa da Goggo sun mai da abin ibada tun yana zuwa Legas da shanu. A Disina ba a samun sabis sai an hau wani tudu a bayan gari, to kullum bayan la'asar Goggo za ta hau tudun ta tsaya. Shi zai yi mata ƙara ɗaya, wato jam, yana lafiya. Ita kuma ta mayar sau biyu, wato gida ƙalau. Ba magana, ba kati. Wayar Baffa tana ƙulle a leda a tsakiyar ƙunshin yajin da Goggo ta daka masa. Sau ɗaya wani mai bincike ya buɗe ƙunshin, ya yi ta atishawa har hularsa ta faɗi, daga ranar ba wanda ya sake taɓa shi.

A bakin iyaka Baffa ya sayi layin Iraƙi a hannun wani mai sayar da sigari. Layin ba sabo ba ne, ko kwalinsa babu, amma yana kiran waje. A nan ne kuma aka bi mu ɗaya bayan ɗaya aka ɗauki hoton yatsunmu da na ƙwayar idonmu da wata na'ura kamar tabarau. Baffa ya fito yana murza ido, ya ce ko likitan ido na asibitin Azare bai taɓa leƙa shi haka ba. Daga ranar ba mai tambayar sunanmu a ƙofar sansani. Ka kalli na'ura, fitila ta yi kore, ka wuce.

Hanyar Bagadaza kwalta ce mai faɗi, shimfiɗaɗɗiya, wadda a gida da direba zai yi ta waƙa a kanta. A nan ba mai waƙa. Ayari muke tafiya, tirela bayan tirela, motocin soja a gaba da tsakiya da wasu dogayen sanduna a kansu waɗanda ke kashe sabis ɗin duk wayar da ke kusa. An hana mu tsayawa ko da mutum ka taka. Idonka na kan kowane kwali, kowane mushen jaki, kowace tsohuwar taya. Yara suna ɗaga mana hannu daga nesa, ba ka san ko gaisuwa ce ko ƙirga mu suke yi ba. Ni dai na rame a hanyar nan, na yi kewar gida har abin da ban taɓa zaton zan yi kewa ba, irin ihun 'yan acaɓa a ƙofar kasuwar Azare da faɗan masu kayan miya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba harbi ba ne, sama ce. A kan kowane sansani akwai wani ƙaton farin balan-balan ɗaure da igiya, yana lilo, da kyamara a cikinsa. Sannan akwai wani gurnani da ba ya yankewa, kamar injin markaɗe a unguwa ta uku. Ka ɗaga kai ba za ka ga komai ba. Har tsugunno in na je yi a bayan mota sai na ji kunya ta kama ni.

A wani babban sansani arewa da Bagadaza muka haɗu da Usman. Muna layin abinci ina yi wa Baffa mitar shinkafar da ba gishiri, sai na ji an ce a bayana, "Sannunku da baƙunta." Na juya na ga dogon mutum baƙi da rigar tafintoci. Ɗan Sudan ne. Kakanninsa sun taso daga ƙasar Hausa da ƙafa za su Makka, suka yada zango a Sudan, zangon ya zama gida. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, yana yi yana cusa Larabci. Washegari ya kawo mana busasshiyar kuɓewa a gwangwani. Muka kaɗa miya a kan rishon wani ɗan Nepal, Baffa ya zuba yajin Goggo, muka ci da burodi. Ina ci hawaye na zuba, na ce yaji ne.

Usman yana aiki a wani ɗaki da ba taga, inda ake sauraron wayoyi. Da muka saba, in muka kwana a sansanin yakan zo mu sha shayi da yamma a inuwar tirela. Wata rana gurnanin nan ya matso, Baffa ya tambaye shi ko matuƙin jirgin ba ya gajiya.

"Ba kowa a ciki, Malam," in ji Usman. "Mai tuƙa shi yana wata ƙasa can bayan teku, a kan kujera. In ya tashi aiki gida zai koma ya ci abinci da 'ya'yansa."

"To in ya kashe mutum, wa zai kai wa gaisuwa?"

Usman bai yi dariya ba. Ya ce yaƙin da muka ji a bakin kakanni na wanda ya fi ƙarfi ne, wannan kuwa na wanda ya fi sanin inda kake. Ya ce a ɗakinsu akwai allo da lambobin waya a kai, kowace lamba an ja mata zare zuwa duk wadda ta taɓa kira, zaren ya yi yawa har ba ɗan'adam da zai iya bi, na'ura ce ke bi. Ita ke cewa a duba wannan, a bar wancan. "Yanzu suna buƙatata don in faɗa musu me aka ce. Nan da 'yan shekaru ita za ta ji, ta fassara, ta zaɓa. Kuma kada ku ce abin nan a nan zai tsaya. Duk garin da aka kafa ƙarfen sabis an riga an shimfiɗa masa tabarma."

Ana cikin haka magariba ta kawo jiki, wato la'asar ɗin gida. Baffa ya miƙe kamar mai zuwa alwala, ya shiga kan motarsa, ya ɗan jima ya fito fuskarsa a sake. Usman ya bi shi da kallo, ya dube ni. Ban iya yi masa ƙarya ba, na faɗa masa zancen wayar.

"Malam Hamidu," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa, "don Allah ka jefa ta a masai."

"Ai ba na magana a cikinta, ɗana. Ko uffan. Me za su ji?"

"Da ma magana kake yi, da na fassara musu na ce tsoho ne ke gaida iyalinsa. Shirun nan shi ya fi damunsu."

Bayan tafiyarsa na sa Baffa a gaba. Na yi faɗa, na yi magiya, har na ce zan ɗauke wayar in taka ta da taya. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Iro, matar nan hawan jini gare ta. Rana ɗaya na makara a hanyar Legas, aka same ta a kan tudun har bayan isha, ta ƙi sauka. Kai ba ka yi aure ba, ba za ka gane ba." Na ce to a rage, a mai da shi ranar Juma'a kawai. Ya ce zai duba. Na san Baffa, in ya ce zai duba an gama magana ke nan.

Ranar da abin ya faru muna kan hanyar komawa kudu. Tayar wata mota ta fashe a gaba, ayari ya tsaya kusa da wata gada, rana tana faɗuwa. Motar Baffa ce ta kusa da ƙarshe, ni ina gabansa, motocin sojan masu sanduna duk sun yi gaba wajen gyaran. Ta madubi na hango shi ya sunkuya, na san sabis ya samu. Na daki sitiyari don haushi. Aka gama gyara, aka fara motsawa, sai ƙasa ta girgiza. Wuta ta tashi a can gaba, gilashina ya tsage, kunnena ya toshe. Motar ɗan Nepal ɗin nan mai risho ce ta taka bam. Ba a bar mu mun tsaya ba, muka ratsa ta gefensa muka wuce, ina jin zafin wutar a kumatuna.

Ba a kwana da yawa ba, mun sake komawa sansanin su Usman, sojoji suka zo da hantsi, muna wanki. Ba su yi bincike ba. Kai tsaye suka shiga kwantenar da muke kwana, kai tsaye gadon Baffa, kai tsaye ƙunshin yaji. A gabana aka zaro wayar, aka sa ta a wata leda mai rubutu aka liƙe bakin. Aka ɗaure hannun Baffa ta baya da igiyar roba, kumfar sabulu tana ɗiga daga yatsunsa. Na yi kukan kura zan shiga tsakani, wani ya sa mini bakin bindiga a ƙirji.

"Iro, bari!" in ji Baffa. "Ka je ka gaya musu gaisuwa ce kawai."

Na yi abin da na san ana yi. Na nemi dattawa: wani direba ɗan Pakistan mai farin gemu, da shugaban 'yan Uganda, da Usman don ya yi mana tafinta. Na sa rigata mai kyau, muka tafi ban haƙuri. Sai da muka yi ta sintiri kafin wani hafsa ya yarda ya gan mu. Yaro ne matashi, mai ladabi, har ruwan sanyi ya ba mu. Na durƙusa, ya ce in tashi, abin ya ba shi kunya. Ya juyo mana da allon kwamfutarsa. Ga hanyar ayarinmu, ga ɗigo-ɗigo ja a kanta, kowane ɗigo wurin da layin Baffa ya yi ƙara ɗaya, wata lambar ƙasar waje ta amsa sau biyu. Ɗigon ƙarshe yana bakin gadar. Kuma layin, kafin ya zo hannun mai sigari, na wani mutum ne da suke nema.

Na zauna na yi masa bayanin filashin tun daga tushe. Na faɗa masa tsadar kati, da tudun Disina, da lokacin la'asar, da ma'anar ɗaya da ma'anar biyu. Na ce ya aika a tambayi duk wanda ya ga dama a Najeriya, daga mai shayi har gwamna. Usman yana fassarawa, hafsan yana bugawa a kwamfuta, bai bar komai ba. Da na gama ya ce shi kam ya yarda da ni. Na ji sanyi a raina, na ce to a sake shi mana.

Ya ce ba shi ya kama shi ba. Sunan ya fito ne, aka turo musu. An riga an wuce da Baffa wani wurin, maganar ta hau sama. Na ce saman wa, a faɗa mini sunansa in je. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce shi ma bai taɓa ganin kowa ba, saƙo ne ke zuwa.

A Azare ko wane irin babban mutum ne ya kama ka, akwai wanda ya san surukinsa, akwai ƙofar da za ka je ka zube. Ga ni da dattawa uku da rigar Juma'a, ba wanda zan ba haƙuri. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, ko ranar gadar.

A waje Usman ya riƙe hannuna. "Kada ka kuskura ka kira layin nan," in ji shi. "Ba za su kashe layin ba. Za su bar shi da rai su ga masu nemansa."

Da na zo shiga sansani na gaba na kalli na'urar ido, fitilar ta yi ja. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya yi mini bayani. Aka sa ni a motar da ke komawa Kuwait ba kaya, na yi watanni a filin kwantena ina jiran fasfo, ina tambayar duk direban da ya sauko daga arewa ko ya ji labarin wani tsoho baƙi mai tsagar Fulani. Ba wanda ya ji. Daga ƙarshe suka gaji da bakina suka sa ni a jirgi.

Na iso Azare da damina. Garin ya cika da lemar masu sayar da kati, an kafa sababbin ƙarafan sabis har biyu a hanyar kasuwa, abokaina suna ta nuna mini wayoyinsu masu kyamara suna tambayar tsarabar Dubai. Ni kuwa in na bi ta ƙarƙashin ƙarfen sai in ji ƙeyata tana sanyi. Ban iya kwana biyu ba na hau motar Disina, ina ta juya yadda zan fara.

Na tarar da Goggo Dije tana tsince wake a tsakar gida. Ta yi mini maraba, ta kawo fura, ta dube ni sama da ƙasa ta ce na lalace. Na buɗe baki, ta riga ni.

"Ka baro Baffanka yana ta aiki ko? Ai na ce shi ba zai dawo da wuri ba. In dai yana lafiya, shi ke nan."

"Goggo, wa ya ce miki yana lafiya?"

"Shi mana. Kwanaki can ya yi shiru har na kwanta ciwo, sai kuma ya dawo. Yanzu ko fashi ba ya yi."

Na ajiye furar. Aka kira la'asar, muka yi salla, ta yafa mayafi ta ce in zo in gani da idona. Muka bi ta cikin gero har tudun, tana tafe tana haki. Ta kwance wayar daga bakin zaninta ta ɗaga ta sama. Ba mu daɗe ba ta yi ƙara, sau ɗaya, ta katse. Na karɓa na duba. Lambar Baffa ce. Goggo ta karɓe abarta, ta kira ta katse, ta sake kira ta katse, tana murmushi kamar yarinya. Daidai yadda na zauna na koya wa hafsan nan.

Na so in yi shiru, wallahi na so. Amma ita ta ce in dawo mata da shi, ba zan bar ta da ƙarar waya a madadinsa ba. Na faɗa mata komai a tsaye a kan tudun: gadar, da ledar da aka liƙe a gabana, da kumfar sabulu a hannunsa, da hafsan da ya ce bai san kowa ba. Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon wayar a tafin hannunta.

"To Iro," ta ce, "duk watannin nan wa nake amsa wa?"

"Ban sani ba, Goggo. Wataƙila mutum ne, wataƙila na'ura ce. Ki daina, don Allah. Duk wanda ya taɓa layin nan suna rubuta shi."

"Su rubuta. Dije ce, matar Hamidu, a Disina. Ai ba ɓoyayyen abu ba ne."

Hadari ya fara haɗowa daga gabas, iska tana kaɗa geron. Ta mayar da wayar bakin zani, ta ƙulle ta tamau, ta miƙo mini hannu in taimaka mata ta sauka.

"Gobe ma zan zo," in ji ta. "Ko ma wane ne, shi kaɗai ya san inda yake."